Salon Zahiri da Salon Ƙira a Tarihin Fim da Bidiyon Waƙa

1.0 Gabatarwa

Tun ranar da aka haifi sinima masana suke jayayya a kan tambaya guda: shin aikin kyamara ta nuna duniya yadda take, ko kuwa ta sake ƙera ta? Amsa ta farko ita muka kira salon zahiri a wannan maƙala, ta biyu kuwa salon ƙira. Manufarmu ita ce bin diddigin salailan biyu, domin jayayyar da ake yi a kan finafinan Hausa reshe ce ta wannan tsohuwar bishiya.

2.0 Mafarin Salailan Biyu

A ranar 28 ga Disamba, 1895, 'yan'uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka nuna wa 'yan kallo majigi a birnin Faris bisa biyan kuɗi. Abin da aka gani bai wuce irin ma'aikata suna fitowa daga masana'anta ba. Kyamara a kafe take, rayuwa tana wucewa ta gabanta. Georges Méliès kuwa, wanda asalinsa mai wasan rufa-ido ne, ya gano cewa idan aka tsayar da kyamara aka sauya abin da ke gabanta, mutum yakan ɓace, wani ya bayyana. Da irin wannan dabara ya shirya fim ɗin tafiya duniyar wata a 1902.

3.0 Bunƙasarsu

Salon ƙira ya yi ƙarfi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A Jamus, a 1920, Robert Wiene ya sa aka zana gidaje a karkace cikin fim ɗin Dokta Caligari, don bangon ɗaki kansa ya bayyana taɓin hankalin mai ba da labari. A Tarayyar Sobiyet, Sergei Eisenstein ya nuna a fim ɗin Potemkin na 1925 cewa ma'ana tana fitowa ne daga gwara hoto da hoto: takalman sojoji a matakalar Odessa, sai keken jariri yana gangarawa.

Salon zahiri ya farfaɗo a Italiya bayan Yaƙi na Biyu, inda talauci ya fitar da masu fim zuwa tituna. A 1948 Vittorio De Sica ya ɗauko ma'aikacin masana'anta wanda ba sana'arsa ce wasa ba, ya ba shi jagorancin fim ɗin ɓarayin keke. Masanin Faransa André Bazin ya goyi bayan wannan hanya, yana mai ganin cewa doguwar ɗauka ba yankewa tana bar wa mai kallo 'yancin zaɓen abin da zai duba.

4.0 Bidiyon Waƙa

Da tashar MTV ta buɗe a Amurka ranar 1 ga Agusta, 1981, salon ƙira ya sami sabon gida. A nan kiɗa ne yake yanke hoto, labari ya koma ɗan rakiya. Duk da haka, bidiyon Thriller na Michael Jackson, wanda John Landis ya ba da umarni a 1983, ya dawo da labari cikin waƙa har kusan minti 14.

5.0 Finafinan Hausa

Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, ya karkata ga zahiri wajen sutura da muhalli. Bayan Turmin Danya na 1990, musamman daga Sangaya na 1999, rawa da waƙa suka zama ginshiƙi. Masu suka sun ce Bahaushe ba ya rera wa budurwa waƙa a lambu. Maganarsu gaskiya ce a ma'aunin zahiri, amma wannan ma'auni ɗaya ne daga cikin biyu. A ma'aunin ƙira, waƙar tana bayyana abin da kunya ta hana baki faɗa.

6.0 Kammalawa

Tarihin da muka bi ya nuna cewa babu fim ɗin da ya tsarkaka daga ɗayan salailan. Su Lumière ma sai da suka zaɓi inda za su kafa kyamara, zaɓi kuwa ƙira ce. Saboda haka, kafin manazarci ya yanke wa fim hukunci, wajibi ne ya fara tantance ma'aunin da mai fim ɗin ya yi awo da shi.