Tattaki a Lokacin Hunturu: Yadda Za a Ɗore da Shi

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan kaɗa a Talata Mafara da Bakura da Maradun, da sanyin asuba da hazo. A wannan lokaci ne masu hawan jini da ciwon suga da dama ke ajiye tattakin da likita ya ɗora su a kai, suna jiran sanyi ya wuce. Shawarar likitoci ita ce a sauya lokacin fita da shiri, a ci gaba da tafiya.

Me ya sa bai kamata a dakata ba?

Sanyi yana sa hanyoyin jini su tsuke, don haka jini kan ƙara hawa a wannan yanayi. Zama wuri ɗaya kuma yana sa suga ya yi wuyar daidaituwa, gaɓoɓi su sage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 a kwanaki biyar. Ana iya raba shi, minti 10 sau uku a yini.

Lokaci da wuri

• A bar fitar asuba. Hantsi ko bayan la'asar sun fi dacewa.
• Ranar da hazo ya yi kauri, a zagaya a tsakar gida. Wannan ya dace da mata da tsofaffi a kowace rana.
• Masu noman rani a filayen Bakolori su sani cewa sanyin bakin ruwa ya fi na cikin gari.
• Saboda matsalar tsaro, a tsaya cikin gari, kada a bi hanyar daji ko a fita shi kaɗai cikin duhu.

Shiri

A sa riga biyu ko uku marasa nauyi, waɗanda za a iya rage ɗaya idan jiki ya ɗumama. A rufe kai da kunne, a sa takunkumi ko a ja rawani ko mayafi a kan hanci. A fara a hankali na minti biyar. A sha ruwa ko da ba a jin ƙishirwa, domin busasshiyar iska tana zuƙe ruwan jiki.

Masu buƙatar kulawa ta musamman

• Ciwon suga: a sa takalmi rufaffe da safa, a shafa man kaɗanya a dunduniya saboda faso, a duba ƙafa kullum. Mai allurar insulin ya riƙe dabino a aljihu.
• Asma: a fita da maganin shaƙa, domin sanyi da ƙura suna tayar da ita.
• Sikila: sanyi da ƙarancin ruwa suna tayar da ciwon. A jira rana ta ɗaga sosai.

Abin da ke taimakawa a ɗore

A haɗa tattakin da abin da ake yi kullum, kamar zuwa masallaci ko kasuwa a ƙafa maimakon hawa babur. A nemi abokin tafiya, domin wanda ake jira a ƙofar gida ba ya saurin fashi. Idan an tsallake kwana ɗaya, a ci gaba washegari.

Yaushe za a je asibiti?

A tsaya nan take, a nemi asibiti mafi kusa, idan aka ji ciwon ƙirji, numfashi ya yi wuya, jiri, ko wani ɓangaren jiki ya saki. Mai ciwon zuciya ya tuntuɓi likitansa kafin ya fara.