Injektan da Ba a Saita Shi da Kunne

Mu da muka koyi kanikanci a kan kafireto, kunne ne jarinmu. Ka tayar da mota, ka saurari silo, ka ɗan murɗa sukuru, ka shinshini hayaƙin salansa, aiki ya ƙare. Ranar da Marsandi 230E da 280E suka fara shigowa gareji da wani kan ƙarfe mai siraran bututai kamar ƙafafun gizo-gizo, wannan ilimin ya tsaya cak.

Fesa fetur ba tare da kwamfuta ba ya girme mu. Tun 1954 Marsandi 300 SL ke da famfon Bosch mai tura mai kai tsaye cikin silinda. Fijo ta sa na Kugelfischer a 404 tun 1962, daga baya a wasu 504, ko da yake mu nan masu kafireto muka fi sani. A 1967 Bosch ya fito da D-Jetronic mai aiki da lantarki a Volkswagen 1600. Sai ga shi a 1973 kamfanin ya kawo K-Jetronic a Porsche 911, tsarin da ba ya neman kwamfuta ko kaɗan. Shi Golf GTI ta ɗauka a 1976, haka Volvo da Audi da Marsandi, kuma shi ya fi ba mu wahala.

Dabararsa ba ta da yawa. Iskar da inji ke zuƙa tana ture wani faifai, faifan ya ɗaga wani ɗan sanda a cikin kan rabon mai, sandan ya buɗe ƙananan tsaguna, mai ya wuce zuwa nozul-nozul yana fesuwa ba tsayawa. Abin da ke danne sandan daga sama kuwa, shi ma man ne. Ke nan ƙarfin mai shi ke yanke shawarar da kwamfuta ke yankewa a motocin yau.

Ƙarfi uku ake aunawa, kuma a jere. Na farko shi ne na layin gaba ɗaya, wajen ba (bar) 5 a geji. In ya gaza, kafin a zargi komai a duba famfo da filta da wutar da ke isa famfon. In ya wuce, sau da yawa bututun da ke mayar da mai tanki ne ya toshe. Sai an tabbatar da waɗannan ake kwance bawul ɗin da ke daidaita ƙarfin a ƙara ko a rage 'yan siraran washa, waɗanda kaurin wata bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba.

Na biyu ne ya raba gwani da ɗan koyo. Shi ne ƙarfin da ke danne sandan, kuma wani ɗan akwati a jikin inji ke sarrafa shi da fallen ƙarfe mai lanƙwashewa in ya ji zafi. Da safe yana ƙasa, ba ɗaya da wani abu, don mota ta sha mai sosai ta tashi. In inji ya ɗumama sai ya hau zuwa 3.4 ko 3.8. Lissafin a juye yake: ƙarfi ƙasa, mai ya yi yawa, filogi ya yi baƙi, ƙarfi sama, mota ta ji yunwa, ka taka totur tana tari. 'Yar ragar da ke bakin akwatin kaɗai, in dattin tanki ya cika ta, ta isa ta jawo wannan tarin. Kuma dole a auna shi inji na sanyi, shi ya sa muke cewa mai mota ya bar ta ta kwana, yana ta ƙunƙuni.

Na uku shi ne wanda ke saura bayan an kashe inji. In allurar geji ta zube cikin 'yan mintoci, mai zai tafasa a bututu, direba ya fito daga masallaci da azahar ya yi ta murza makulli a banza.

Akwai wani sukuru a tsakanin faifai da kan rabo, alanki mai milimita 3 ke shigarsa. Shi ya kamata a taɓa ƙarshe, shi kuma hannun ɗan kafireto ke fara nema. Oga kan ce wa yaro, “Kai, cire hannunka, ɗauko geji tukuna.” Amma gareji nawa ke da gejin mai bawul a tsakiya? Aka yi ta murɗa sukuru ana rufe cuta, in ta ƙi sai a ce injekta ba ya son manmu, a tuge shi a ɗora kafireto. A ganina an zubar da lafiyayyun kawuna masu yawa saboda filtar da ba a canza ba.

A 1982 KE-Jetronic ya zo a 190E, daga baya a Marsandin da muke kira Bi-but. An cire akwatin ɗumin, aka maye gurbinsa da wani bawul na lantarki a jikin kan rabo, amma geji bai yi ritaya ba: a inji mai zafi ana neman ƙarfin ɗakin ƙasa na kan rabo ya gaza ƙarfin layi da kimanin ba 0.4. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 kamfanoni sun bar tsarin. Yaran da ke gareji yanzu sun iya na'urar duba laifin mota fiye da mu, sai dai 230E ta farko ba ta da soket ɗin da za su jona ta, don haka har yau mu ake aikawa a kira.