Takardun karatu da na tafiya: ina depite yake shigowa, ina za a nufa yanzu?

Masu saurarenmu daga Zariya, Tibiri da Jiratawa, da ƴan'uwa mazauna Kano da Legas, suna yawan tambaya: tunda babu depite, wa zai tsaya wa yaro kan kuɗin karatu ko fasfo?

Da farko dai, depite bai taɓa ba da fasfo ko bursu da hannunsa ba. Aikinsa a majalisa shi ne yin doka da bin diddigin gwamnati. Abin da yake yi wa mutanensa shi ne buga waya, ko rakiya ofis, ko ya zaro kuɗin rajista daga aljihunsa. Mai sanayya ya samu, wanda ba shi da kowa ya yi ta jira.

Majalisar dokoki mai kujeru 171 ta rushe da juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Biyar daga cikin kujerun na ƴan Nijar mazauna waje ne, kuma a watan Yuni na shekarar aka zaɓe su, ko ɗumama kujerar ba su yi ba. A Afrilu 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi a madadin magadan gari. Amma ofisoshin suna nan suna aiki.

Komai daga takardar haihuwa yake farawa, a ma'aikatar magajin gari. Wanda ba a yi wa ba a kan lokaci sai ya je kotu da shaidu, alƙali ya yi hukunci. Da ita ake neman takardar zama ɗan ƙasa, ita ma a kotu. A lura, Tibiri tana ƙarƙashin Gidan Rumji, Jiratawa kuma Madarunfa, duk da kusancinsu da birnin Maraɗi. Fasfo kuwa na ƴan sanda ne, hukumar DST.

Bursu da tallafin ɗalibai suna hannun hukumar ANAB. Ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da ke neman ɗaki da abinci, ofishin CROU zai nufa.

Inda aka fi shan wuya shi ne yaran da suka tashi tsakanin ƙasa biyu. Jami'o'in Najeriya, irin su ABU Zariya da Bayero ta Kano, kuɗin baƙo daban yake da na ɗan ƙasa, kuma takarda ce take nuna ko wane ne kai, ba Hausar bakinka ba. Tun 2014 dokar Nijar ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu, saboda haka ba sai an ɓoye ɗaya ba. Sai dai suna! Yaro ya zama Aboubacar a takardar Maraɗi, Abubakar a ta Katsina, ranar haihuwa ma ta sha bamban. Wannan kaɗai ya isa a mayar da takardunsa. A daidaita tun yana sakandare, kar a bari sai an kira shi jami'a.

Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025, ranar da ƙasashen AES suka ƙaddamar da fasfonsu. CEDEAO ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta har sai an ba da wata sanarwa. Mazauna Najeriya da takardunsu suka ƙare, akwai ofishin jakadancin Nijar a Abuja da ƙaramin ofishi a Kano.