Filin Wasan Coventry: Shekara Ashirin na Zaman Haya

Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Coventry City da ke tsakiyar Ingila ta yi wasa a filin Highfield Road tun 1899, amma a ƙarshen ƙarni na ashirin shugabanninta suka sayar da shi da nufin gina babban fili a kangon wata tsohuwar masana'antar gas da ke arewacin birnin. Kafin ginin ya kankama, ƙungiyar ta faɗo daga gasar Firimiya a 2001, kuɗin talabijin ya ragu, bashi ya yi mata katutu, har ta sayar da kasonta na aikin. Saboda haka lokacin da aka buɗe filin Ricoh Arena a 2005, mai ɗaukar 'yan kallo sama da 32,000, yana hannun kamfanin ACL ne, wanda majalisar birnin da gidauniyar Alan Edward Higgs suka raba biyu, ita kuwa ƙungiyar da aka yi ginin dominta ta shiga a matsayin 'yar haya.

A nan tushen rigimar yake. A lokacin ƙungiyar tana biyan hayar da ta haura fam miliyan ɗaya a shekara, alhali ribar abincin da magoya bayanta ke saya ranar wasa, da kuɗin ajiye motoci, da na sanya wa filin sunan kamfani, yawanci aljihun mai gida suke faɗawa. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Kamfanin zuba jari na Sisu, wanda ya sayi ƙungiyar a 2007, ya daina biyan haya a 2012, kuma masu suka sun fassara hakan da yunƙurin durƙusar da ACL domin a saye shi da araha. Majalisar ta ba ACL rancen fam miliyan 14.4 a farkon 2013, Sisu ya kai ƙara kotu yana cewa rancen tallafin gwamnati ne da doka ta hana, bai yi nasara ba. A 2013 ɗin aka cire wa ƙungiyar maki goma, ta koma yin wasanninta na gida a Northampton, inda mafi yawan magoya baya suka ƙi zuwa, wasu kuma suka riƙa tsayawa kan tudun da ke kallon filin don kada su biya kuɗin shiga.

A 2014 ƙungiyar zari-ruga ta Wasps, wadda asalinta daga Landan ne, ta sayi ACL, aka tsawaita mata yarjejeniyar riƙe filin zuwa shekara 250, sai Coventry City, wadda ta dawo filin daga Northampton, ta zama 'yar hayar baƙuwa a garinta. Wasps ta ci bashin fam miliyan 35 a 2015 ta hanyar takardun lamuni, wato takardun da ake sayar wa jama'a bisa alkawarin mayar da kuɗinsu da ruwa, ta jingina filin a kai. Saɓani ya sake fitar da Coventry City daga filin, ta koma yin wasa a Birmingham daga 2019 zuwa 2021, ita kuma Wasps ta kasa biyan bashin a 2022, ta rushe a watan Oktoba. Kamfanin Frasers na Mike Ashley ya sayi filin kan fam miliyan 17, ya aika wa Coventry City takardar tashi kafin a daidaita.

Doug King ya karɓi ƙungiyar daga Sisu a farkon 2023, kuma a watan Agustan 2025 Coventry City ta sayi filin, shekara ashirin bayan wasanta na farko a cikinsa.