Daga Wasiƙar Sarki Zuwa Makin JAMB: Tarihin Ƙofar Karatun Hulɗar Ƙasa da Ƙasa



Duk shekara idan aka fara ɗaukar ɗalibai a jami'o'i, akwai wasu matasa da kukansu iri ɗaya ne. Sun cike kwas ɗin Hulɗar Ƙasa da Ƙasa, sun ci maki sama da 200, sun yi ta duba waya har aka rufe, sunansu bai fito ba. Wasu a ba su kwas ɗin da ba su nema ba, wasu su sake sayen fom shekara ta biyu da ta uku. Bayanin da aka fi ji a majalisa shi ne rashin uwa a gindin murhu. Amma wannan ƙofa tana da tarihi, kuma wanda ya san yadda aka gina ta ya fi sanin inda zai tura.

Mu fara da aikin kansa, domin ya girmi digirin da ɗaruruwan shekaru. A shekarun 1570, Mai Idris Alauma na Borno ya aika jakadu har Santambul wurin Sarkin Turkawa Murad na Uku, aka kuma maido masa da amsa a rubuce. A farkon ƙarni na 19, Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi sun yi musayar wasiƙu a kan ko yaƙar Borno ya halatta, kowa yana kafa hujjarsa, Bello ya kuma adana wasu daga cikinsu a littafinsa Infaƙul Maisuri. Da Baturen nan Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, Waziri Giɗaɗo ne ya kula da shi, Bello kuma ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila George na Huɗu, wadda ta taɓo ciniki, da aiko da wakili da likita, da batun fataucin bayi. A wancan zamani sarki yakan duba wanda ya iya Larabci, ya iya tsara magana, ya iya riƙe sirri, sai ya jawo shi kusa. Alƙalami da amana su ne takardar shaida.

Shi kuwa karatun a matsayin fanni na jami'a, a Turai aka haife shi, kuma makoki ne ya haife shi. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani attajiri mai suna David Davies tare da 'yan uwansa mata biyu suka ba da fam 20,000 aka kafa kujerar farfesa ta siyasar duniya a Aberystwyth, a yankin Wales na Birtaniya, a 1919. Sun yi haka don tunawa da ɗaliban da suka mutu a yaƙin, aka sa wa kujerar sunan Shugaban Amurka Woodrow Wilson, Alfred Zimmern ya fara hawanta. Tambayar da aka kafa fannin a kanta ita ce: me ke jawo yaƙi, kuma ta yaya za a hana shi? A shekarar dai Jami'ar Georgetown ta Amurka ta buɗe makarantar horar da ma'aikatan jakadanci. Shekara ashirin bayan haka aka sake gwabza wani yaƙin da ya fi na farko muni, abin da ya tilasta wa malaman fannin rage dogaro da fatan alheri, suka koma nazarin ƙarfi da muradun ƙasashe.

A Nijeriya, aikin ya sake riga digirin zuwa. A 1957, ana shirin karɓar mulki, gwamnati ta zaɓi mutum goma sha biyu a matsayin rukunin farko na ma'aikatan harkokin waje, aka tura su ofisoshin jakadancin Birtaniya su koyi aiki. Cikinsu akwai Aminu Sanusi na Kano, wanda daga baya ya zama babban sakataren ma'aikatar. Ranar 7 ga Oktoba, 1960, Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya tsaya ya yi jawabi a madadinta kuwa malamin makaranta ne, Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar. Shi ya riƙe harkokin waje da kansa kafin ya miƙa wa Jaja Wachuku, wanda lauya ne, a 1961. A ƙarshen Jamhuriya ta Farko ma'aikatar ta koma hannun Nuhu Bamalli, mutumin da ya yi aikin fassara da talifi a Zariya, ya rubuta Bala da Babiya da Mungo Park Mabuɗin Kwara. Ku lura da wannan, ku masu alƙalami: biyu daga cikin mutanen da suka fara riƙe huldar Nijeriya da duniya marubutan Hausa ne. Haka Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, wanda shi ma daga aji ya fito, ya zama wakilin Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1981, ya shugabanci kwamitinta na yaƙi da wariyar launin fata.

Sannu a hankali karatun ya samu gida. An kafa Cibiyar Nazarin Harkokin Duniya ta Nijeriya a Legas a 1961. A shekarun 1970 Jami'ar Ife ta gina sashen Hulɗar Ƙasa da Ƙasa, inda Farfesa Olajide Aluko ya yi suna. A Zariya, fannin ya tsiro ne a cikin sashen Kimiyyar Siyasa na Jami'ar Ahmadu Bello, inda Ibrahim Gambari ya koyar kafin ya zama ministan harkokin waje a 1984. Tijjani Muhammad-Bande, ɗan Zagga ta Jihar Kebbi, Kimiyyar Siyasa ya karanta a wannan jami'a, ya gama a 1979, bayan shekara arba'in ya zama shugaban Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019.

Yanzu mu dawo kan ƙofar shiga jami'ar. Kafin 1978 kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta. Lokacin da jami'o'in ba su wuce shida ba, abin yana tafiya. Da gwamnatin soja ta ƙara guda bakwai a 1975, ciki har da na Kano, Sakkwato, Maiduguri da Jos, sai matsala ta fito fili. Ɗalibi ɗaya mai ƙoƙari yakan samu gurbi a wuri uku, ya je ɗaya, biyu su zauna babu kowa, alhali wasu suna gida suna jira. Don magance wannan aka kafa hukumar JAMB a 1978. A 1989 aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da kwalejojin fasaha da na ilimi. A 2005 jami'o'i, da suka daina amincewa da makin JAMB shi kaɗai, suka fara tasu jarrabawar tantancewa. A 2010 aka haɗe jarrabawowin suka zama UTME guda ɗaya, zuwa 2015 aka koma kwamfuta gaba ɗaya, a 2017 kuma aka kawo manhajar CAPS wadda ta cikinta ake ba da gurbi, ɗalibi ya karɓa ko ya ƙi. Kowane mataki an kawo shi ne don toshe wata ɓaraka, amma babu wanda ya ƙara kujera ko ɗaya a aji.

Ga inda lissafin yake. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi kashi 60 cikin ɗari na guraben jami'a ga fannonin kimiyya, kashi 40 ga fannonin adabi da zamantakewa. Cikin wannan 40 ɗin ne Shari'a da Aikin Jarida da Tattalin Arziki da Kimiyyar Siyasa da Hulɗar Ƙasa da Ƙasa duk suke rabon tuwo. Sannan a jami'o'in tarayya ana sake raba guraben kowane kwas gida uku: kashi 45 na cancanta zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka ayyana a matsayin waɗanda suke baya a ilimin boko. Saboda haka makin da hukuma ke sanarwa a matsayin mafi ƙaranci izinin shiga layi ne kawai. Makin da ke ba da gurbi shi ne na mutum na ƙarshe da aka ɗauka a rukuninka, a kwas ɗinka, a jami'ar da ka zaɓa. A 2025 kusan mutum miliyan biyu suka rubuta UTME, kimanin kashi uku cikin huɗu ba su kai 200 cikin 400 ba. Wanda ya ci 220 ya wuce mafi yawan jama'a, amma idan 'yan sama-saman nan suka taru a kan kwas guda mai kujeru kaɗan, 220 ɗin sai ta zama ta baya.

Me wannan tarihi yake koya wa ƙanenmu ko ƙanwarmu da ke riƙe da fom? Na farko, zaɓen jami'a yana da nauyi kamar makin kansa. Ɗan Katsina ko Jigawa da ya nemi jami'ar da jiharsa ke cikin yankinta yana fafatawa a layi fiye da ɗaya, wanda ya tsallaka nesa kuwa ya rage wa kansa layi. Na biyu, a karanta kundin JAMB na shekarar da idon basira, domin darussan da ake nema tare da Turanci sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a, kuma kuskure a haɗin darussa yakan fitar da mutum tun kafin a dubi makinsa. Na uku, akwai ƙofar gefe wadda ita ma halal ce: shiga kai tsaye zuwa aji biyu da sakamakon IJMB, ko NCE, ko difloma. Mu da muka bi ta kwalejin fasaha ya kamata mu sani cewa diflomar sai ta kasance mai alaƙa da kwas ɗin, da sakamako mai kyau, kuma guraben wannan hanya su ma ƙididdigaggu ne. Na huɗu, wanda aka ba shi Tarihi ko Kimiyyar Siyasa ko Faransanci ko Larabci kada ya ɗauka an rufe masa hanya. Sunayen da na lissafa a sama sun isa shaida, kuma har yau ma'aikatar harkokin waje tana ɗaukar masu digiri daga fannoni daban-daban, ta horar da su a makarantarta.

Abu na ƙarshe ya fi shafarmu a matsayinmu na marubuta. Jarrabawar da ke tsaron ƙofar yau ta zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu ce, ba ta tambayar kowa ya rubuta ko sakin layi guda. Amma da zarar an shiga, karatun duk rubutu ne, aikin ma haka: rahoto zuwa gida, takardar matsaya, jawabi, daftarin yarjejeniya inda kalma ɗaya kan jawo gardamar mako guda. Abin da sarakunan da suke nema a wurin magatakarda, shi ake nema har gobe. Don haka wanda ke jiran gurbi kada ya bar shekarar ta tafi a banza. Ya ɗauki rikici ɗaya, misali ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, ya rubuta shafi biyu yana bayyana matsayin kowane ɓangare da adalci, ta yadda mai karatu ba zai gane wanda yake goyon baya ba. Ya yi da Hausa, ya sake yi da Turanci. Ya fara koyon Faransanci, tunda maƙwabtanmu na kan tudu, Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, duk an daɗe ana aikin gwamnati da shi a cikinsu.

Wanda ya gwada wannan aiki ya kawo mu karanta, mu yi masa gyara. Allah ya ba masu nema sa'a.