Zaren tsirrai: amfaninsa wajen tace ruwa da jinyar rauni

In kun ja auduga da yatsu, za ku ga zare farare, sirara. Masana kimiyya suna kiran wannan abu selulos. Shi ne ke ba karan hatsi da itace ƙarfin tsayuwa, da shi kuma ake yin takardar da kuke karantawa. Wani Bafaranshe, Anselme Payen, shi ya fara ware shi a shekarar 1838. Auduga kusan dukanta selulos ce, wajen kashi 90 cikin 100. Itace kuwa, kusan rabinsa.

Daga baya masu bincike suka gano cewa kowane zare tarin ƙananan zaruruwa ne, kamar yadda ake tufka igiya da kaba. In aka warware su da na'ura ko da sinadari, sai a sami abin da ake kira nanoselulos. Sirantarsa ta wuce misali: sai an jera dubbai kafin su kai kaurin gashin kai guda.

Mene ne amfanin wannan siranta? Ku tuna da ƙyallen tace ruwa. A Bangaladash, binciken da aka wallafa a 2003 ya nuna cewa ƙauyukan da mata ke tace ruwa da tsohon zane, ninki huɗu ko fiye, cutar kwalara ta ragu a cikinsu da kusan rabi. Sai dai ƙofofin zane suna da faɗi, ƙwayoyin cuta da yawa suna wucewa. Takardar nanoselulos kuwa ƙofofinta ƙanana ne ƙwarai. A 2014, masu bincike na jami'ar Upsala a ƙasar Suwidin sun yi irin wannan takarda da gansakuka, suka nuna tana tare ƙwayoyin birus, waɗanda suka fi sauran ƙwayoyin cuta ƙanƙanta. Wasu kuma suna gwada ta wajen kama dalma da rinin masana'antu daga cikin ruwa.

A asibiti, nanoselulos yana riƙe ruwa da yawa, don haka rauni ba ya bushewa a ƙarƙashinsa. A ƙasar Finlan an yi majanyin rufe rauni da shi daga itace, wanda ke ɓarewa da kansa in fata ta warke. Wanda ya taɓa ganin ana ɗaye bandeji daga ƙuna ya san darajar wannan.

Yawancin aikin ruwan yana ɗakin gwaji har yanzu, kuma warware zaren yana cin wuta da kuɗi. Ba za ku same shi a kasuwa gobe ba.

Abin da ke hannunku shi ne zogala. Matan karkara a Sudan sun daɗe suna kwantar da ruwan Nilu da ƴaƴanta, masu bincike kuma sun tabbatar da hikimar. Ku ɓare busassun ƴaƴa, ku daka su lukui, ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya zuwa biyu. Ku dama garin da ruwa kaɗan, ku zuba, ku motsa da sauri, sannan a hankali. Bayan awa ɗaya ko biyu laka za ta kwanta, sai ku tsiyaye na sama. Ruwan ya yi garau, amma ba duka ƙwayoyin cuta suka fita ba. Ku tafasa shi ko ku sa ƙwayar kulorin, ku kuma sha shi a ranar, domin ba ya jure ajiya.