Asalin Kalmar "Littafi" a Aislan da Wels

Aislan tsibiri ne can arewacin Tekun Atlantika, Wels kuwa ƙasa ce mai duwatsu a yammacin Ingila. Kowacce da harshenta. Mutanen Wels suna kiran littafi "llyfr", na Aislan kuwa "bók". Kalmomin nan ba su yi kama ba, amma in an bi asalinsu sai a tarar duka a jikin itace suka tsiro.

A shekara ta 43 Rumawa suka kawo yaƙi Biritaniya, suka yi mulki har wajen 410. A harshensu, watau Latin, "liber" shi ne ɓawon itace na ciki, wanda mutanen dā ke rubutu a kai. Sannu a hankali sunan ya koma kan littafi. Kakannin mutanen Wels suka ara, bakinsu ya juya shi ya zama "llyfr", kamar yadda "alkitab" na Larabci ya zama "littafi" a bakin Bahaushe.

Su kuwa mutanen Aislan, Rumawa ba su taɓa mulkinsu ba. Galibinsu daga Norwe suka yi ƙaura wajen shekara ta 870, suka zo da kalmarsu ta gado. Masana da yawa suna ganin "bók" ɗan'uwan "beyki" ne, sunan wani babban itace na dazuzzukan Turai, domin kakanninsu a kan katako da dutse suke sassaƙa haruffa. Bayan sun karɓi addinin Kirista wajen shekara ta 1000 suka koyi rubutun tawada, suka ari kalmar "skrifa", watau rubutawa, daga Latin. Daga tushen nan kuma Wels suka sami tasu, "ysgrifennu".

Abin mamaki, itacen nan ba ɗan ƙasar Aislan ba ne. Da suka fara rubuta dokokinsu a 1117, da labarun kakanninsu daga baya, a fatar maraƙi suka rubuta. Katako ya tafi, suna ya zauna.

Aron kalma bai kashe harsunan nan ba. An buga Baibul da harshen Aislan a 1584, da na Wels a 1588, talakawa suka koyi karatu da harshen gidansu. Littafin nan da ɗayansu ya aro sunansa, ɗayan ya gada, yana cikin manyan abubuwan da suka riƙe harsunan biyu har yau.